Yadda Ake Rubuta Littafin Soyayya Mai Raha a Kan Maƙwabtan da Ba Sa Ga Maciji

Labarin gidaje biyu da ke gaba, daga baya 'ya'yansu su kamu da son juna, yana da farin jini wurin masu karatu, amma sau da yawa yakan lalace tun kafin babi na 10. Dalilin kusan ɗaya ne kullum. Marubuciya ta ƙosa ta kai ga kalaman soyayya, sai ta yi wa rigimar riƙon sakainar kashi. Alhali rigimar ita ce littafin. Idan ta ginu, ita za ta kawo dariya, ita za ta riƙa haɗa yaron da yarinyar wuri guda ba da son ransu ba, ita ce kuma shingen da za su tsallake kafin a shafa fatiha. Da mata muke magana a nan, domin su suka fi yawa a fagen littattafan soyayya tun da harkar ta kafu a Kano a shekarun 1980, amma namiji marubuci ma zai ɗauki abin da ya dace da shi.

Zaɓen abin faɗa

Kafin ki raɗa wa kowa suna, ki zauna ki samo abin da ya haɗa gidajen nan faɗa. Ya zama ƙarami a idon na waje, babba a idon masu shi. Ya zama kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, ta yadda mai karatu zai ce "ai Hajiya ta fi gaskiya" a wannan babin, a na gaba ya koma bayan Alhaji. Kuma ya zama abin da hannu da kuɗi kaɗan za su iya gyarawa, girman kai ne kawai ya hana.

Rigingimun maƙwabtaka a garuruwanmu sanannu ne: indararo da ke zuba a katangar wani, kwata da ta toshe ta mayar da ruwa, tagar bene da ke kallon tsakar gidan mata, akuya da ta cinye shanya, motar da ake ajiyewa a bakin ƙofar da ba taka ba, ƙarar janareta. Idan janareta kika zaɓa, ki tuna an cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayu na 2023. Gidan da ke kwana da janareta bayan wannan lokaci sai kin nuna mana inda kuɗin man ke fitowa, in ba haka ba mai karatu zai tsargu.

Ga misalin da za mu bi har ƙarshe. Alhaji ya ɗora bene ya rufa da kwano. Maƙwabciyarsa gwauruwa ce, mijinta ya rasu, kicin ɗinta na jingine da tsohuwar katangar ƙasa. Da damina ruwan kwanon yana sauka a gindin katangar yana cin ta. Gaskiyarta a fili take. To amma a tsakar gidanta akwai tsohuwar darbejiya, rassanta sun tsallaka, ganye na zuba a gidan Alhaji, saiwa kuma ta fara tsaga masa ramin bayan gida. Ya ce a sare, ta ce marigayi ne ya dasa da hannunsa, babu mai taɓa ta. Shi ma yana da gaskiya, ita ma tana da abin da ya fi gaskiya nauyi a zuciya.

Abin da ya sa wannan misali ya yi kyau shi ne laifukan biyu a ɗaure suke da juna. Alhaji ya riga ya sa gota a bakin kwanon tun lokacin gini, shi ya sa yake rantsuwa ba ruwansa ba ne. Ganyen darbejiyar da ya taru duk rani shi ya toshe gotar, ruwa ya riƙa ambaliya ta sama. Ke marubuciya kin san wannan tun shafin farko, amma ki ɓoye shi sai tsakiyar littafi. Maganin kuma ba ya wuce a hau a kwashe ganye, a shimfiɗa raga a kan gotar, a sauko da bututun roba mai inci 4 har cikin kwata, a rage rassa uku ko huɗu, a yi wa gindin katanga yaɓen siminti. Aikin yini biyu ne. Dariyar littafin duka tana cikin yadda aikin yini biyu ya ci wata 10.

Abin da ba za ki zaɓa ba shi ne faɗan da ya taɓa jini ko mutunci: kisa, fyaɗe, cin dukiyar marayu, sharrin zina, asiri. Waɗannan na wani littafin ne daban. Da zarar ɗaya ya shigo, mai karatu ba zai ƙara yin dariya ba, kuma ba zai yarda cewa aure ya wanke shi ba.

Zana unguwar a takarda

Ki ɗauki farar takarda ki zana gidajen biyu: ina ƙofa, ina zaure, ina kicin, ina bishiyar, wace taga ke kallon ina, kwata ta wane ɓangare take gangarawa. Ki ƙara masallacin layi, shagon mai kayan masarufi, gidan mai unguwa da inda ake ɗiban ruwa. Wurare 6 ko 7 sun isa littafi guda. Masu karatu suna lura idan tagar da ke gabas a babi na 3 ta koma kudu a babi na 20.

Ki yanke shawara ko unguwar awon gwamnati ce ko awon igiya. A awon igiya lunguna matsattsu ne, katanga na manne da katanga, iyaka kuma ta dogara da takardar ciniki da shaidu, don haka taƙaddama kan taku ɗaya abu ne da kowa ya sani. A unguwar manyan gidaje masu get da maigadi, mutum na iya shekara bai ga maƙwabcinsa ba, kuma irin wannan labari ba ya rayuwa a can sai da dabara mai yawa.

Lokaci ma sai an tsara shi da kalanda a hannu. Rigimar ruwa tana son watan Agusta. Azumi da salla suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka ki zaɓi shekara ki duba. A 2025 azumi ya faɗo a watan Maris, babbar salla a farkon Yuni. Wadda ta fara labarinta a Agustan 2024 za ta samu damina, kaka, hunturu, azumi cikin zafi, sannan layya daf da saukar sabon ruwa. Kada ki sa a sha ruwan buɗa-baki ana tsuga ruwan sama a wannan shekarar.

Mutanen littafin

Gabar ta iyaye ce, 'ya'ya sun gaje ta ne. Wannan shi ya dace da rayuwarmu, domin budurwa ba ta zaman kanta a gida ita kaɗai tana faɗa da saurayin da ke maƙwabtaka. A ce yarinyar Hauwa ce, tana yin kek da cincin tana tallata su a waya, kicin ɗin da ruwa ke ci shi ne jarinta. Yaron kuma Mansur, mai haɗa sola, shi ya tsaya a kan ginin benen mahaifinsa, don haka duk wanda ya soki ginin ya soki aikinsa. Kin ga kowannensu yana da abin da zai rasa, ba don biyayya kawai yake taya faɗan ba.

Ki ba kowanne aibi ɗaya da mai karatu zai gani ya kuma yafe. Ita ba a kayar da ita a magana, ko ta san ta yi kuskure. Shi kuma ba ya iya cewa "ban sani ba". Ki guji jarumin nan miskili mai dukiya da ke wulaƙanta mace har ta so shi. A littafin raha, saurayin da ya ɗaga hannu ya mari yarinya, ko ya zagi uwarta, ya fita daga zuciyar mai karatu, babu kyautar da za ta mayar da shi. Haka ita ma, duk tsiwarta, idan ta haɗu da mahaifiyarsa a hanya za ta rusuna ta gaishe ta, ko da amsar da za ta samu a daƙile ce. Wannan tarbiyyar ita ke sa a yarda gidajen sun cancanci haɗa zuri'a.

Akwai tambayar da masu karatu za su yi tun da wuri idan yaran tare suka tashi: babu shayarwa a tsakaninsu? A unguwannin da ake zaman amana, maƙwabciya kan shayar da ɗan maƙwabciya. Ki rufe wannan ƙofa da jimla ɗaya, misali ki nuna gidan Alhaji sun tare a unguwar ne Mansur na makarantar firamare. Kuma kada ki ɗauko shayarwa a babi na 35 don ki tayar da hankali sannan ki warware da "ashe ba ita ba ce". An gaji da wannan.

Bayan su biyun da iyayensu, mutum 4 sun ishe ki. Kaka ita ce mafi amfani, domin wasan jika ya ba ta lasisin faɗin abin da kowa ke ɓoyewa: ta kira Mansur maigidanta, ta kira Hauwa kishiya tun kafin kowa ya farga. Sai ƙaramin yaro ɗan aike wanda ke juya saƙo ba da gangan ba. Sai maƙwabciya mai kai gulma nan ta kawo can. Sai mai unguwa mai haƙuri da ya gaji da ƙarar da ake kawo masa a kan darbejiya. Idan kina son ƙarin gishiri, ki sa gida ɗaya Kanawa ɗaya Zage-zagi, ko Fulani da Barebari, wasan da ke tsakaninsu zai ba ki hanyar tsokana wadda ba ta zama cin mutunci.

Tsarin babi-babi

Shawararmu ita ce babi 40, kowanne kalmomi 1,500, jimla 60,000. Wannan tsawon ya dace da karatu a waya, kuma labari mai rigima ɗaya ba ya ɗaukar fiye da haka sai an fara cusa abin da ba nasa ba.

Babi na 1 zuwa na 8 na faɗa ne. Ki buɗe da daren da aka yi ruwa da safiyar da ta biyo baya, kada ki buɗe da tarihin kakanni ko siffanta gashin jaruma. Su haɗu ido da ido kafin babin farko ya ƙare. Daga nan gabar ta riƙa hawa mataki-mataki, kuma kowane mataki ya fi na baya kaɗan: an daina ciyayya, an aiko a karɓi turmin da aka ara shekara 3, mahaifiyar Hauwa ta fita daga adashin layi, habaici ya koma kan status na WhatsApp inda kowa ya san da wa ake. Iyakar hawan shi ne zauren mai unguwa. Idan kika kai su ofishin 'yan sanda ko kotu, nauyin labarin ya canza, sauko da shi zai yi wuya.

Babi na 9 zuwa na 18 shi ne inda yawanci ake tuntuɓe, domin dole a samo dalilin da zai riƙa haɗa saurayi da budurwa a gaban jama'a ba tare da an keta al'ada ba. Ki ba su aikin da ba za su iya ƙi ba. Taransifomar unguwa ta lalace, an kafa kwamitin karo-karo. Mansur ne ya san harkar wuta, shi ke karɓa wurin maza. Gidaje da yawa ba a shiga, sai aka ɗora wa Hauwa karɓa wurin mata saboda ta iya lissafi. Duk Asabar sai sun zauna a zauren mai unguwa sun daidaita littafi. A nan kowanne zai ga abin da bai zata ba: ita ta ga ya biya wa wata tsohuwa kuɗinta a ɓoye, shi ya ga ta gano kuskuren lissafinsa ta gyara ba ta tona shi ba. So yana shiga ta irin waɗannan ƙofofi. Ki tanadi irinsu 5 ko 6, ki warwatsa su, kada ki bayyana ma'anarsu da bakinki.

A wajen babi na 20 Mansur ya hau rufi zai kafa sola ya tarar da gotar cike da ganye. Yanzu ya san gaskiya, kuma gaskiyar tana goyon bayan mahaifinsa rabi, tana kayar da shi rabi, tunda shi ya kamata ya duba tun farko. Abin da ya yi da wannan sani shi ne zuciyar littafin. Idan ya kwashe ganyen a ɓoye ya yi shiru, ya kare darbejiyar amma ya ɓoye wa Hauwa magana, wannan ɓoyon kuma shi zai fashe daga baya.

Azumi ya faɗo tsakanin babi na 21 da na 27. Ki yi amfani da kwanon ciyayya: ƙaramin yaro ya yi kuskure ya kai kunun wannan gida wancan gida kamar yadda aka saba a da, ga shi kwano ba ya komawa wayam. Babi biyu za su fito daga kwano ɗaya. A nan ne kuma su biyun za su amsa wa kansu abin da suke ji.

Babi na 28 zuwa na 34 rugujewa ce. Maƙwabciya mai gulma ta fesa, iyaye sun ji, Hauwa ta gano Mansur ya san zancen gota ya yi shiru. Ki tabbata saɓanin na gaske ne. Idan kiran waya ɗaya zai warware shi, mai karatu zai riƙa tambayar me ya hana su kira. Sauran babi 6 na sulhu ne da biki.

Maganar baki

Harshenmu yana da kayan faɗan raha da yawa: habaici, gatse, gugar zana, baƙar magana. Sirrin shi ne a yi faɗa cikin ladabi, gaisuwa na nan, "Malam" na nan, amma kowace kalma da ƙaya. Ga yadda haɗuwar farko za ta iya kasancewa, ta zo ƙofar gidansu da bokiti:

"Malam Mansur, ina kwana. Ga ruwanku nan, jiya da dare ya yi ɓatan kai ya shigo mana kicin."

"Lafiya lau, an gode da ɗawainiya. Ki ɗan jira in ɗebo miki ganyenku, tun asuba ƙanwata ke tara shi, kada ki koma da bokiti haka nan."

Ba a yi zagi ba, an faɗi rigimar duka, an kuma nuna cewa ƙarfinsu ɗaya. Wannan daidaiton yana da muhimmanci: idan ta ci wannan zagaye, ya ci na gaba. Ki kula da yadda kiran suna ke sauyawa, domin shi ne ma'aunin da mai karatu ke bi ba tare da ya sani ba. "Malam" na nesantawa a farko, "Yaya Mansur" ya zo a tsakiya, ranar da ta kasa kiran sunansa gaba ɗaya saboda kunya kowa ya gane. Iyaye kuma ba sa kiran juna da suna tsirara, "Maman Hauwa" ce, "Alhaji" ne, kuma uwa ba ta ambatar sunan ɗan fari idan gidan masu alkunya ne.

Ki karanta kowace hira da ƙarfi. Duk jimlar da bakinki ya yi tuntuɓe a kanta, ki sake ta. Turanci a bakin matasa ba laifi ba ne idan kalma ɗaya ce nan da can yadda ake yi a zahiri, amma hira sukutum da Turanci tana korar masu karatu da dama.

Sulhu da ɗaurin aure

Yara ba sa sasanta iyaye kai tsaye, sai ta hannun manya: kaka, liman, kawu, mai unguwa. Masu karatunki sun san hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Mala'ika Jibrilu bai gushe yana masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin magada, sun kuma san hanin ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana 3. Dole wani ya faɗe su a littafin, in ba haka ba unguwar ba ta yi kama da tamu ba. Amma sau ɗaya, cikin rabin shafi, daga bakin da ya dace. Nasiha ta tausasa zuciya, aiki ne zai kammala: Alhaji ya tura magini ya gyara katanga bai ce komai ba, Maman Hauwa ta kira mai gatari ta tsaya da kanta ta nuna rassan da za a rage. Kowa ya sauko taku ɗaya, babu wanda aka tozarta. Idan kika durƙusar da dattijo ko dattijuwa a gaban yara don a ce an yi nasara, kin ɓata daɗin da kika tara.

Matakan aure a bi su yadda yankin da kika zaɓa yake yi, domin na Kano ba daidai yake da na Sakkwato ko Damagaram ba. Neman izinin zance, gaisuwar iyaye, sa rana, lefe, sadaki, ɗaurin aure, kai amarya. Tunda Hauwa marainiya ce, ki nuna waliyyinta daga dangin uba tun tsakiyar littafi, kada ya faɗo daga sama ranar ɗaurin aure. Biki babi 2 ya isa. Akwai raha ta musamman a kai amaryar da gidan surukanta taku 10 ne daga ƙofar uwarta, amma 'yan'uwa suka dage sai an yi jerin motoci an zaga gari.

Gyara da fitarwa

Idan kin gama, ki ajiye rubutun mako 2 sannan ki dawo da jan biro. Abin da za ki fara cirewa shi ne dogon lissafin atamfa, turare da abinci, sai haɗarin mota ko ciwon da aka kawo don kawai a cika shafi, sai kishiya ko boka da suka shigo a rabin hanya. Farashin kaya ma a rage ambatonsa da lamba, domin yana tsufar da littafi cikin shekara guda. Batsa ba ta da gurbi a nan ko kaɗan.

Ki rubuta ƙ, ɗ, ɓ da 'y yadda suke, manhajar rubutu ta Gboard tana da Hausa. Ki raba kalmomi daidai, "ya ce" ba "yace" ba, "da ita" ba "daita" ba. Ki ba mutum 3 su karanta, ɗaya a cikinsu ya zama dattijuwa da ta san zaman unguwa, ki tambaye su a wane babi suka fara gajiya da kuma bayan wa suke a rigimar. Idan duka ukun bayan gida ɗaya suke, ɗaya gidan na buƙatar ƙarin hujja.

Mai niyyar sakin labari kashi-kashi a manhajojin karatu irin su Wattpad da ArewaBooks ko a zauren WhatsApp kada ta fara sai tana da babi 15 a hannu, kuma ƙarshen labarin a rubuce ko da a taƙaice. Masu sharhi za su matsa a haɗa masoyan tun babi na 12, wadda ba ta da tsari a ƙasa kuwa takan biye musu, rigimar ta mutu, sauran babi 28 su rasa abin ci. Ki tsayar da ranakun saki, 3 a mako sun wadatar. Idan kuma bugawa za ki yi a takarda ki sayar a Kano, Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001, tana da hurumi a kan littattafai, don haka ki nemi ƙa'idojinta kafin ki kai wa maɗaba'a.